Darasi na 9: Idan tsakiyar gani ta dushe

Assalamu alaikum iyayena da yayyena 'yan aji. Darasin yau akan ido ne, kuma da labarin goggona zan fara don a kanta na koyi yawancin abinda zan faɗa muku.

Goggo ta haura shekara 70 lokacin da abin ya sameta, mace ce mai ɗinkin hula tun tana budurwa. Wata rana da hantsi muna zaune tsakar gida jikarta ta shigo ta durƙusa gabanta ta gaisheta, Goggo ta ɗago kai tace wacece? Yarinyar da ta goya a bayanta fa. Bamu gama mamaki ba sai gashi ta ɗauki takalmi ta jefi wata kaza can gefe dake shirin afkawa geron da aka shanya. Nan take aka fara ƙus-ƙus a gidan wai ai Goggo tana gani sarai, wanda taga dama take ganewa. Wallahi wannan maganar ta ƙona mata rai fiye da ciwon kansa, kuma ba ƙarya take ba, haka ciwon yake.

A can bayan ƙwayar ido akwai wata shimfiɗa siririya da haske ke sauka a kanta, likitoci na ce mata retina. A tsakiyar shimfiɗar akwai ɗan wuri da faɗinsa bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, ko ƙwayar wake bai kai ba, sunansa makula. Da wannan ɗan wurin muke karatu, da shi muke zura zare a allura, muke tsince tsakuwa a shinkafa, muke gane fuskar mutum. Sauran shimfiɗar kuma ita ke nuna mana gefe-gefe, motsin kaza da inuwar mai wucewa. To idan makula ta lalace saboda tsufa, duk abinda ka zubawa ido shi ne zai dushe ko ya zama kamar an ɗiga masa toka, amma gefe na nan daram. A katin asibiti zakuga likita ya rubuta haruffa uku manya, AMD, sunan wannan cutar kenan a taƙaice, ku riƙe su. Galibi daga shekara 50 zuwa sama take kama mutane, bata zafi bata jan ido, kuma ita kaɗai ba kasafai take kai mutum ga duhu ɗungurungum ba. Ku maimaita wa mai ciwon wannan maganar har ta shiga, don tsoron duhu ne yake hanasu barci.

Kafin naje nesa, kada kowa ya koma gida yace ai ciwon Goggo ne dani. A binciken makanta na ƙasa da akayi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, yanar ido ce ta fito kan gaba da kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, hawan jinin ido na biye da ita, kuma ita yanar ana cireta a asibiti mutum ya koma yana gani tar. Ciwon suga shima yana taɓa makula. Likitan ido ne kaɗai zai ɗiga magani ya buɗe ƙwayar ya leƙa ciki ya bambance. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, kuma asibitocin koyarwa duk suna da sashen ido. Don Allah a guji masu yawo gari-gari suna ture yana da tsinke ko allura, da ɗiga ruwan ganye ko fitsari a ido, mai lalacewar makula babu abinda zai samu a wajensu sai asarar ganin gefen da ya rage masa.

Ciwon makular nan na tsufa iri biyu ne. Akwai busasshe, shi yafi yawa, cikin mutum 10 zaka samu 8 ko 9 shi ne dasu, yana tafiya a hankali shekara da shekaru. Akwai kuma mai ruwa, wanda wasu ƙananan jijiyoyin jini marasa ƙwari ke tsirowa ƙarƙashin makula suna yoyon ruwa da jini, wannan kam baya jira, cikin makonni zai iya cinye tsakiyar gani. Amma shi ne mai magani, ana yin allura a cikin ido, sunayen da zakuji su ne Avastin da Lucentis da Eylea, Avastin ya fi sauƙin kuɗi. Nasan yanzu wasu sun runtse ido da suka ji allura a ido, ana kashe wurin da maganin ɗigawa tukuna kuma aikin 'yan mintoci ne, sai dai ba sau ɗaya bane, da farko wata-wata ake komawa kuma kuɗi ne ba kaɗan ba, don haka tun ranar farko dangi su zauna suyi lissafi, kar a fara a tsaya a hanya. Allurar tafi amfani in an zo da wuri, in wurin ya riga yayi tabo bata dawo da shi. Busasshe kuma zai iya rikiɗa ya koma mai ruwa, shi yasa nake so kowa ya iya gwajin layi da zamuyi a ƙarshen darasi.

Abinda ke hannunmu, na farko taba. Mai shan sigari haɗarinsa ya ninka na wanda baya sha aƙalla sau biyu, iyayenmu maza ku yi haƙuri ku ajiyeta ko da an riga an kamu. A kula da hawan jini. A yawaita ganye a miya, zogale, alayyafo, rama, da ƙwai da kifi in hali yayi. Akwai wani haɗin bitamin da ake ce wa AREDS2 wanda aka gwada a Amurka sakamakon ya fito a 2013, yana rage saurin ciwon ga wanda yake matakin tsakiya, baya dawo da abinda ya tafi, kuma likita ne zai ce ko ya dace da kai, ba mai kemis ba.

Yanzu sai zaman gida, wanda nan ne aikin yake. Dabara ta farko da Goggo ta koya ita ce kallon gefe. Tunda tsakiya ce ta mutu, in kana son ganin fuskar mutum sai ka kalli kunnensa ko saman hularsa, fuskar sai ta faɗo a wurin da yake da lafiya. Kowa da gefen da yafi masa, wani sama wani dama, sai an gwada, kuma da farko akwai gajiya da ciwon kai, ita sai da ta ɗau watanni kafin ya zame mata jiki. Ku 'yan gida in kunga tsohuwa na muku magana tana kallon kafaɗarku ba raini bane ba kuma kunya ba, ganinku take nema. In kun shigo kuyi sallama ku haɗa da suna, Goggo nice wance, in zaku fita ma ku faɗa, sau nawa na tarar da ita tana ta hira da wanda ya jima da tashi, abin ba daɗi.

Haske ya zo ta bayan kafaɗa ya sauka kan abinda ake yi, kar ya haske ido. 'Yar fitilar sola ko tocila mai caji ta wadatar, da rana kuma a sa malafa ko baƙin tabarau don ƙyallin rana na damunsu sosai. Sannan a haɗa fari da baƙi, farin tuwo a kwano mai duhu, shayi a farin kofi, bakin dokin ƙofa da matakalar banɗaki a shafa musu farin fenti. Mu buta ja muka saya mata saboda tana fitowa ɓaro-ɓaro akan siminti. Kaya kuma kowanne da mazauninsa, mai shara ya mayar da kujera inda ya ɗauketa, ashana da wuƙa da carbi kullum wuri ɗaya, kuma kar a bar turmi ko bokiti a hanyar da take bi zuwa alwala. Magani a ɗaura masa kyauro, na safe ɗaya na dare biyu, hannu zai karanta. Kuɗi ma haka, daga naira 5 zuwa 50 'yan leda ne ana jinsu a hannu, na takarda kuma a ninke su daban-daban, 1000 a miƙe, 500 ninki ɗaya, 200 ninki biyu. Wayar zamani ana ƙara mata girman rubutu, kyamararta na zama madubin ƙara girma, akwai TalkBack a Android da yake karanta abinda ke kan allo, kuma saƙon murya na WhatsApp ya hutar da kowa. Tuƙin mota ko babur dai a haƙura da shi. Amma girki da 'yar sana'a kar a ƙwace mata da sunan tausayi, mu munyi wannan kuskuren, muka hanata komai ta zauna tayi shiru tana ramewa, sai da aka mayar mata da ɓarar gyaɗa da ƙulla kuka da daddawa a leda sannan muryarta ta dawo.

Akwai wani abu kuma da ba'a cika faɗa ba. Wata rana bayan isha Goggo ta riƙo hannuna ta rage murya tace 'yar nan zan gaya miki magana amma kar ki gayawa kowa, ina ganin wasu yara ƙanana da riguna masu ado suna wucewa jikin bango, basa magana, kuma nasan babu su. Ta fi wata shida tana ɓoyewa don kar ace aljanu ne ko ta fara ruɗewar tsufa. Da muka gayawa likita yace sananne ne ga masu raunin gani, ƙwaƙwalwa ce in hoto ya daina zuwa mata daga ido sai ta riƙa fito da nata, har suna gareshi, ana jingina shi ga wani mutumin Suwizalan mai suna Charles Bonnet da ya bayyana shi a 1760 bayan ya gani a wurin kakansa. Ba hauka bane. Kunna fitila, ƙifta ido, ko tashi a canja wuri kan sa hoton ya ɓace, kuma yawanci yana raguwa da lokaci. Ku tambayi tsofaffinku a hankali, da yawa ba zasu fara faɗa da kansu ba, sannan a sanar da likita.

Aikin gida. Kowa ya yagi shafi ɗaya a littafin lissafi mai gida-gida, ya ƙirga gida 20 a tsaye 20 a kwance ya zagaye da biro, ya ɗiga baƙin ɗigo babba a tsakiya. Likitoci suna da irinta, takardar Amsler suke ce mata. In kana sa gilashin karatu ka saka, ka riƙe takardar nesa da fuska kamar tsawon rular 'yan makaranta, ka rufe ido ɗaya da tafin hannu ka zubawa ɗigon ido, sannan ka canja ɗayan, dole ɗaya bayan ɗaya saboda mai lafiyar yana rufawa ɗan uwansa asiri. In layukan sun miƙe to madalla, a liƙa takardar a bango a riƙa dubawa duk sati. In kuwa kaga layi ya lanƙwashe kamar igiyar shanya, ko wasu gidajen sun ɓace, ko da can kana gani daidai yau ya canja, a tafi asibitin ido cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kar a jira albashi ko a gama girbi. Ku gwada wa duk wanda ya haura 50 a gidanku, sannan ku rubuta waɗannan kalmomi sau biyar-biyar ku kawo ranar aji mai zuwa: ido, gani, gefe, tsakiya, haske, makula.