Aikin wucin gadi a takardar CV: inda aka fi yin tuntuɓe da yadda ake gyarawa

Mai tantance takardun neman aiki ba ya karanta CV daga sama har ƙasa a karon farko. Idonsa yakan faɗa kan abu uku ne: sunan wurin aikin, muƙamin, da kwanan wata. Idan ukun nan suka zauna daidai, sai ya koma ya karanta sauran. Wanda ya shekara takwas a ma'aikata ɗaya ba shi da damuwa a nan. Amma matasa da yawa a Najeriya ba haka tarihin aikinsu yake ba. Akwai bautar ƙasa ta shekara guda, akwai shirin gwamnati na samar wa matasa aiki, N-Power, akwai aikin zaɓe na 'yan kwanaki, ga zagayen rigakafin shan inna, ga tattara bayanai na wata uku a wata ƙungiyar agaji, ga koyarwa zango biyu a makarantar kuɗi. Duk aiki ne na gumi. Wajen rubuta shi ne ake ɓata rawa da tsalle.

Ɓoye shi gaba ɗaya

Wasu kunya ce take sa su share aikin wucin gadi daga CV, wai kada a ce ba su taɓa samun aikin kirki ba. Sai a ga mutum ya gama bautar ƙasa a 2021, daga nan takardar ta yi shiru har 2024. Mai karatu ba zai kira ka ya tambaye ka ba, zai cike gurbin da abin da ya zo masa, kuma galibi zaman kashe wando zai zato. Wata huɗu da ka yi kana kula da shagon POS, kana rufe lissafi kowane dare ba tare da ragin naira ɗaya ba, sun fi wannan shirun daraja nesa ba kusa ba.

Ja wa kwanan wata tsawo

Wannan shi ne ya fi yawa, kuma shi ne ya fi saurin tonuwa. Mutum ya yi aiki daga Nuwamba 2022 zuwa Fabrairu 2023, sai ya rubuta "2022 zuwa 2023" kawai, don a ɗauka shekara biyu ce. Ranar ganawa tambaya ɗaya ce take warware ƙullin: wane wata ka fara? Idan kuma an ɗauke ka sannan aka nemi takardar ɗaukar aikinka ta baya, abin ya tashi daga wayo ya koma ƙarya, kuma ana sallamar mutane a kan haka.

Rubuta wata da shekara a kowane aiki, kuma ka riƙe salo ɗaya daga farko har ƙarshe. Kada nan ka sa 03/2023, can ka sa Maris 2023, gaba kuma ka sa shekara zalla. Aikin da bai kai wata guda ba, ka faɗi tsawonsa ƙarara. Aikin zaɓen 2023, alal misali, ranaku biyu ne sanannu, 25 ga Fabrairu na shugaban ƙasa da 'yan majalisar tarayya, da 18 ga Maris na gwamnoni da majalisun jihohi, sai kwanakin horo kafin nan. Kowa ya san wannan, don haka "ma'aikacin INEC, 2023" ba zai ruɗi kowa ba, sai dai ya sa a ɗaga gira.

Rashin faɗin cewa na wucin gadi ne

Ga inda mutane suke cutar kansu ba tare da sun yi ƙarya ba. An jera wurare huɗu, wannan wata uku, wancan wata biyar, babu wata alama da ke nuna cewa tun farko haka aka tsara aikin. Mai karatu zai ga ɗaya daga cikin biyu: ko ana korarka, ko ba ka iya zama wuri ɗaya. Kamfani kuwa ba ya son kashe kuɗin horar da wanda zai tafi kafin damina.

Gyaran kalma biyu ce ko uku a gefen muƙamin: kwantiragin wata shida, aikin wucin gadi, riƙon gurbin ma'aikaciya mai hutun haihuwa, aikin kaka. Da zarar an ga haka, gajartar lokacin ta bayyana kanta, ba sai ka ƙara wani bayani ba. Idan an sabunta maka kwantiragin, ka rubuta, domin hujja ce mai ƙarfi. "Kwantiragin wata uku, an sabunta sau biyu" yana nufin wani ya ga aikinka har sau biyu ya ce a ci gaba da kai. Haka idan ka fara a matsayin na wucin gadi aka tabbatar da kai, raba shi layi biyu a ƙarƙashin suna ɗaya don a ga hawan.

Wa ya ɗauke ka, kuma ina ka yi aikin?

Wannan yana buƙatar natsuwa, domin a nan mutanen kirki ma suke faɗawa. Da yawa daga cikin masu zama a kantar banki suna ƙirga kuɗi, da masu amsa kiran waya a kamfanonin sadarwa, da direbobi da masu gadi a ƙungiyoyin agaji, ba wurin da suke zuwa kullum ne ya ɗauke su ba. Wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke su, shi yake biyan albashi, shi ya tura su. Mutum ya shekara biyu yana sanye da katin shaida mai tambarin banki, ai dole ya ji shi ma'aikacin bankin ne. Sai ya rubuta sunan bankin shi kaɗai.

Matsalar takan taso ne lokacin bincike. Sabon wurin aikin ya rubuta wa sashen kula da ma'aikata na bankin, su duba rajistarsu, su amsa cewa ba su da mai wannan suna. Gaskiya suka faɗa, kai ma ka yi aikin, amma a takarda ka zama maƙaryaci. Wasu kuma sukan yi akasin haka, su rubuta sunan kamfanin da ya tura su kawai, wanda ba kowa ya san shi ba, su yi asarar nauyin sunan wurin da suka yi aikin.

A haɗa su duka biyu a layi ɗaya: muƙami, sunan wurin da ka yi aikin da reshensa, sannan "ta hannun" kamfani kaza. Idan ba ka tabbatar da wanda ya ɗauke ka ba, duba kan takardar ɗaukar aikin, da sunan da ke fitowa a saƙon shigar albashi, da wanda yake zuba maka kuɗin fansho idan ana zubawa. Wannan ƙa'ida ita ce ta N-Power ma. Gwamnatin tarayya ce ta fara shirin a 2016, ita ta riƙa biyan alawus na naira 30,000 a wata, makarantar firamare ko asibitin sha-ka-tafi da aka tura ka kuwa wurin aiki ne. Rubuta "malami a ƙarƙashin shirin N-Power" tare da sunan makarantar, ban da "ma'aikacin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma". A Nijar ma malamin kwantiragi ya faɗi matsayinsa yadda yake, kada ya rubuta kamar an riga an shigar da shi cikin ma'aikatan gwamnati na dindindin.

Watsa ƙananan ayyuka kamar tsaba

Wadda ta yi zagayen rigakafi goma sha ɗaya cikin shekara uku, idan ta ba kowane zagaye nasa kan magana, shafi biyu sun cika da ayyukan kwana huɗu-huɗu. Mai tattara bayanai da ya yi wa ƙungiyoyi biyar aiki a Maiduguri da Damaturu shi ma haka. Idon mai karatu zai gaji kafin ya fahimci cewa abu ɗaya ne mutumin nan ya ƙware a kai.

A tara masu kama da juna a ƙarƙashin kai ɗaya. A sama a rubuta sana'ar da tsawon lokacin duka, misali "Mai tattara bayanai, kwantiragi daban-daban, Janairu 2022 zuwa Agusta 2024". A ƙasa kowane aiki ya samu layi guda: sunan ƙungiya, ƙaramar hukuma, watanni, da abin da aka tattara. Zaɓi uku ko huɗu da suka fi kusa da aikin da kake nema ka faɗaɗa su, sauran ka dunƙule su a jimla ɗaya. Abin lura shi ne kada wannan tarawar ta zama wata hanyar ja wa lokaci tsawo. Idan akwai wata bakwai a tsakani da ba ka yi komai ba, watannin da ke ƙasa su nuna hakan. Kuma a tara abin da ya taru kawai: koyarwa da tuƙin mota ba sa shiga kai ɗaya.

Muƙami mai kumburi, bayani mara nama

Mataimakin jami'in rumfar zaɓe ya koma "jami'in gudanar da zaɓe na jiha", mai sayen riɗi da waken suya wa wani ɗan kasuwar Dawanau lokacin kaka ya koma "daraktan sayayya". Sunan da ke kan takardarka shi za ka rubuta. Akwai kuma masu sa ƙidayar jama'a ta 2023 a jerin ayyukansu, alhali an ɗage ta ba a yi ba, ta ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006. Idan horo ka samu, kai shi sashen horo.

Abin mamaki, masu kumbura muƙamin su ne sukan bar bayanin aikin fayau: "na taimaka wajen gudanar da ayyuka", "na yi duk abin da aka sa ni". Wannan bai gaya wa kowa komai ba. Ƙarfin aikin wucin gadi yana cikin ƙididdiga da sunan kayan aiki. Jami'in rumfa ya faɗi cewa ya tantance masu zaɓe da na'urar BVAS, ya cike takardar sakamako EC8A, ya jagoranci mataimaka nawa, rumfar tana da masu rajista nawa. Mai tattara bayanai ya faɗi gidaje nawa yake shiga a rana, da manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ko ta ODK ya yi aiki, da wane harshe ya yi tambayoyin, Hausa ko Kanuri ko Fulfulde. Mai rigakafi ta faɗi unguwanni nawa, yara nawa a zagaye, ko ita ce mai rajista ko mai ɗigawa, da yadda take shawo kan gidajen da suka ƙi. Malami ya faɗi aji, darasi da yawan ɗalibai. Layi biyu zuwa huɗu sun isa kowane aiki, kowanne ya fara da abin da ka aikata. Adadin da ba za ka iya kare shi a gaban masu ganawa ba, bar shi. Sunayen masu cin gajiyar agaji, ko na abokan hulɗar banki, ko kuɗin da ke asusun wani, ba sa shiga CV ko da wasa.

Bautar ƙasa da horon ɗalibai a inda ba nan ba

Da yawa sukan cusa NYSC, wato bautar ƙasa, a sashen karatu, layi ɗaya da lambar takardar sallama. Ga wanda bai daɗe da gamawa ba, wannan shekarar ita ce aikinsa mafi tsawo, don haka wurinta sashen gogewar aiki ne, da sunan wurin da aka tura shi da abin da ya yi a can. SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, da koyarwar gwaji ta 'yan NCE su ma haka, a rubuta su da sunansu na horo. Littafin da ka riƙa cikewa kowane mako lokacin SIWES, idan kana da kwafinsa, a ciki za ka tsinci sunayen injuna da gwaje-gwajen da ka manta. Bayan ka tara shekara biyar ko fiye na wani aikin, sai ka rage su zuwa layi ɗaya-ɗaya.

Babu shaida, babu mai tsaya maka

Aikin wucin gadi yana ƙarewa, ofishin shirin ya rufe, shugaban ya koma wata jiha. Bayan shekara biyu ba ka da ko fallen takarda. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa kafin wata uku su wuce da farawa, amma a ƙananan wurare ba kasafai ake bayarwa ba sai an nema. Nemi takardar shaidar aiki a makonka na ƙarshe, lokacin da ake ganin fuskarka, mai ɗauke da muƙami, ranar farawa, ranar gamawa, sa hannu da hatimi. Ajiye katin shaida, saƙon gayyatar horo da shaidar biyan alawus, ka ɗauki hotonsu ka tura wa kanka ta imel.

Wanda zai tsaya maka kuwa ya zama wanda ya ga aikinka da idonsa, ko da shugaban tawaga ne kawai. Ya fi babban mutumin da zai ce "wane ne kuma wannan?" idan an kira shi. Nemi izininsa kafin ka sa lambarsa, kuma ka tuna masa watannin da kuka yi aiki tare, don abin da zai faɗa ya dace da abin da ka rubuta.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna kayar da mutum. Jera ayyukan daga na baya-bayan nan zuwa na farko. Tura CV a matsayin PDF da aka fitar daga kwamfuta, ban da hoton takarda da aka ɗauka da waya, domin manhajar tace takardu da manyan kamfanoni da ƙungiyoyi suke amfani da ita ba lallai ta karanta hoto ba, kuma teburori masu layuka da yawa sukan hargitsa mata kwanan wata. Kada ka rubuta dalilin barin aiki a ƙarƙashin kowane wuri, balle ƙorafin alawus da ba a biya ba. Idan aka tambaye ka a ganawa me ya sa wata uku kacal, amsar jimla ɗaya ce: kwantiragin na wata uku ne, na kammala shi, ga takardar.