Yadda ake kare tantanin baƙin ido daga ƙwayoyin cuta bayan tiyatar gilakoma

A tiyatar hawan jinin ido, wato gilakoma, likita kan buɗe wata 'yar kafa a farin ido, ƙarƙashin fatar ido ta sama, domin ruwan da ke taruwa a ciki ya sami mafita. Daga nan akan ɗora majinyaci a kan maganin ɗigawa mai sitiroyid na tsawon makonni, wanda yake kwantar da kumburi amma kuma yana raunana garkuwar ido. A wannan tsakanin ne bakteriya kan sami damar kama gilashin ido, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, sai dai idan ya faru yana iya tafiya da ganin da aka yi aikin domin a tsare shi.

A wanke hannu da sabulu kafin ɗiga magani, kada kuma bakin kwalbar ya taɓa ido. Abin da ya fi muhimmanci ga mazauna Legas shi ne ruwa da ƙura, domin wata bakteriya mai kama gilashin ido da ake kira Nokadiya a ƙasa take rayuwa, wasu dangin ƙwayar tarin fuka kuwa a ruwa suke, har da na famfo. Saboda haka kada ruwan rijiya ko na 'yan garuwa ya shiga idon, kuma a tambayi likita yadda za a yi da wanke fuska wajen alwala. Mai sana'a a kasuwar Mile 12 ko mahautar Agege ya daure ya ɗan huta, in ya koma ya riƙa sa tabarau. Kwalli da ruwan nono da sauran dabarun gida, duk a ajiye su.

Idan ido ya ƙara ja, ko ya fara zogi da kwantsa, ko haske ya dame shi, ko wani farin ɗigo ya bayyana a kan baƙin ido, a nufi asibiti a ranar, ba kemis ba. Sitiroyid yana ɓoye alamu, don haka ƙarancin ciwo ba hujjar jinkiri ba ce, ko da watanni sun shuɗe da yin aikin. Akwai sashen ido a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da na LASUTH a Ikeja.

A tafi da dukkan magungunan da ake ɗigawa. Likita zai kankari gefen gyambon da ya fito a gilashin idon a kai ɗakin gwaji, kuma ƙwayoyi irin su Nokadiya da dangin ƙwayar tarin fuka suna da jinkirin tsirowa, shi ya sa sakamako kan ɗauki kwanaki. Sau da yawa ba sa jin maganin da aka saba bayarwa, sai an koma ga irin su amikasin, wanda da farko akan ɗiga shi kowace awa, dare da rana. Rage sitiroyid ko dakatar da shi kuwa hukuncin likitan ido ne kaɗai.