Yadda na gyara tasowar frontosa saman ruwa

Da zarar kifayena na frontosa sun ci abinci, sai su taso saman tanki, wutsiya a sama, suna ta faman nutsewa abin ya gagara. Ashe abincin ne, irin mai yawo a saman ruwa. Garin cafkarsa suke haɗiyar iska. Kifin nan kuwa ɗan can ƙasan Tafkin Tanganyika ne da ke gabashin Afirka, ina ya saba da kiwo a sama?

Sai na ɗan dakatar da ciyarwa, sannan na koma irin abincin da ke nutsewa. Nakan jiƙa shi tukuna, in zuba kaɗan-kaɗan bayan na rage hasken fitila, don ba sa son haske mai ƙarfi. Ɗumin ruwa na bar shi a digiri 25 na ma'aunin Celsius. Ba a daɗe ba suka daidaita.