Yadda Za Ka Gane Ko Kuɗin Shirin Asibiti Mai Dogon Zango Yana Komawa Cikin Ingancinsa

Shirye-shiryen talabijin da aka gina a kan rayuwar asibiti suna cikin waɗanda suka fi daɗewa ana nunawa, domin marasa lafiya ba sa yankewa, kuma kowanne da labarinsa yake zuwa. Tun 1963 tashar ABC ta Amurka take nuna General Hospital, BBC kuwa ta fara Casualty a 1986. Sai dai daɗewa tana da tsada, saboda haka mai kallon da yake son sanin ko shirin da yake bi yana da sauran armashi, ko kuwa sabo ne kawai yake riƙe da shi, ya kamata ya san inda kuɗin yake tafiya.

Ka fara da raba kuɗin gida biyu, na gini da na mutane. Asibitin da kake gani galibi ba asibiti ba ne, ɗakuna ne da aka ƙera a situdiyo sau ɗaya, ake ta amfani da su shekara da shekaru. Labarin shirin ER na Amurka a birnin Chicago yake, amma mafi yawan ɗaukarsa a situdiyon Warner Bros. da ke Burbank a jihar Kalifoniya aka yi. Wannan ɓangaren yana sauƙaƙa da tafiyar lokaci. Wanda yake hauhawa shi ne ladan jarumai da farashin da tasha take biya don kada shirin ya kuɓuce mata. A 1998 tashar NBC ta amince ta riƙa biyan kusan dala miliyan 13 kan kowane kashi na ER, ba don an sayo sababbin kayan tiyata ba, sai don wani babban shirinta na barkwanci yana gab da ƙarewa, sauran tashoshi kuma sun sa ido. Haka nan a farkon 2018 aka bayyana cewa Ellen Pompeo, jarumar shirin Grey's Anatomy, za ta riƙa samun kimanin dala miliyan 20 a shekara. Irin waɗannan alƙaluman farin jinin shiri suke aunawa, kada ka ɗauke su shaidar inganci.

Daga nan sai ka lura da alamun tsuke bakin aljihu. Ka duba jarumai nawa ne suke bayyana a kowane kashi, ka duba ko an fara tura wasu kwas ko hutu ba tare da labarin ya buƙaci haka ba. Ka kalli bayan masu magana: barandar da a da take cike da ma'aikatan jinya da masu tura gado da 'yan uwan marasa lafiya, yanzu mutum biyu ne suke wucewa? An daina fita titi da motar ɗaukar marasa lafiya? Ba kowace tafiyar jarumi ce matsalar kuɗi ba, George Clooney ya bar ER a 1999 ne don ya koma manyan finafinai. Amma matsin gaskiya ne, domin da BBC ta sanar da rufe shirin Doctors, wanda ya fara a 2000 ya ƙare a 2024, tsadar shirya wasan kwaikwayo ta kafa hujja da ita.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne hannuwan jarumai. Shirin da yake biyan likitoci da ma'aikatan jinya su zauna da marubuta, su kuma tsaya a wurin ɗauka, a hannu ake gane shi. Likitan da ya wanke hannu ya sa safar hannu don tiyata ba zai sosa fuska ba, ba kuma zai sauke hannuwansa ƙasa da ƙugu ba. Mai danna ƙirji don farfaɗo da zuciya yana miƙe gwiwoyin hannunsa, yana dannawa sau 100 zuwa 120 a minti, aikin da yake sa mutum gumi nan da nan. Idan layin na'urar zuciya ya miƙe ɗoɗar, ba a buga wa mutum lantarki, sai dai a ci gaba da danna ƙirji da ba da magani, amma shirye-shirye da yawa lantarkin suke nunawa don ya fi girgiza mai kallo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1996 ya gano cewa kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan taimakon a shirye-shirye uku, ciki har da ER, sun farfaɗo, adadin da ya zarce abin da ake samu a asibitocin gaske nesa ba kusa ba. Iyalin da suka saba ganin haka, ranar da nasu ya kwanta, da wannan tsammanin za su tsaya a gaban likita.

Sai kuma rubutu. Idan shiri ya tsufa, marubuta sukan koma ga soyayyar likitoci da manyan bala'o'i, faɗuwar jirgi ko fashewar bam, waɗanda suke cin kuɗi sosai amma ba sa ƙara wa labari zurfi. Ka kwatanta da The Pitt da ya fito a 2025: kashi 15, kowanne awa ɗaya daga cikin aikin yini guda a sashen gaggawa, kusan duka a wuri ɗaya, a kan dala miliyan 4 zuwa 5 kowane kashi, ya kuma lashe kyautar Emmy ta gwarzon shirin wasan kwaikwayo a wannan shekarar.

Idan kana son gwadawa da kanka, ka ɗauki kashi ɗaya daga zango na biyu na shirin da kake bi, da wani daga zangon baya-bayan nan. Ka fara kallonsu babu sauti, kana lura da yawan mutane da motsin kyamara da aikin hannu. Sannan ka kunna sauti, ka auna da agogo mintuna nawa aka ba marar lafiya da iyalinsa a kowanne, mintuna nawa kuma suka tafi a rigimar likitoci tsakaninsu.