Yadda na tsare lissafin shagona daga ɓacewa

A watan jiya wutar lantarki ta ɗauke ta dawo da ƙarfi a shagona na atamfa da ke kasuwar Kejetia a Kumasi, kwamfutar da nake rubuta lissafi a ciki ta ƙi tashi. Wani mai gyara a Aboabo ya ceto yawancin bayanan, amma bashin 'yan sari na mako uku ya salwanta, kuma neman sidi a hannun mutum babu rubutu ɗiban ruwa ne da kwando.

Na saka manhajar Google Drive, wadda ke ba da wurin ajiyar bayanai a intanet mai girman gigabait 15 kyauta, na haɗa ta da jakar lissafin da ke cikin kwamfuta, ta yadda duk abin da na rubuta zai hau intanet da kansa. Sai dai wannan bai wadatar ba, domin fayil ɗin da aka goge bisa kuskure kwana 30 kawai yake yi a kwandon shara kafin ya ɓace. Saboda haka kowace Juma'a bayan masallaci nakan kwafi komai a wani faifan ajiya da nake ajiyewa a gida. Jiya na gwada dawo da lissafin watan Maris daga faifan, ya buɗe daidai.