Yadda za ka kare gurbinka idan an kira ka ka wakilci ƙasa

Wanda ya kalli 'yar tseren Najeriya Tobi Amusan a kan dandamalin karɓar lambar yabo a birnin Eugene na Amurka a 2022, taken Najeriya na tashi hawaye na zuba a fuskarta, ya san abin da rigar ƙasa take nufi ga ɗan wasa. Yaran da ke atisaye a filin Sani Abacha na Kano ko na Seyni Kountché a Yamai irin wannan rana suke hange. Sai dai tsakanin kiran waya daga mai horarwa da tsayawa a layi ana rera take, akwai ramuka da suka sha haɗiye ƙwararru, kuma yawancinsu na takarda ne da na magani.

Fara da sunanka. Ɗauko takardar haihuwa, lambar NIN, fasfo da lasisin ƙungiyarka ka jera su a tabarma. Idan wata ta ce Muhammad, wata Mohammed, wata kuma ta sa sunan kaka a gurbin na uba, je ka gyara tun yanzu, domin jami'in tantancewa harafi yake bi. Ranar haihuwa ma ta zama ɗaya a ko'ina. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma katin rigakafin shawara ya zauna a cikinsa.

Ga 'yan ƙwallon ƙasa da shekara 17 akwai gwajin MRI, wato hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru, wanda FIFA ta fara aiki da shi a gasar duniya da aka yi a Najeriya a 2009. Likita yana duba yadda ƙashin ya haɗe, daga mataki na 1 zuwa na 6. Wanda ya kai na 6 an sallame shi, ko me takardarsa ta ce. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwaji a sansanin Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, ana gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da Najeriya, mai riƙe da kofin duniya a lokacin. Iyaye da masu horarwa su daina rage wa yaro shekaru, ƙashi ba ya karɓar rantsuwar kotu.

Babban ramin shi ne magani. Dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Tun 1 ga Janairun 2024 tramol ya shiga jerin abubuwan da aka hana lokacin gasa, ga shi a wurinmu har a kan tebur ake sayar da shi. Wasu magungunan mura suna ɗauke da sinadarin da ke da iyaka, in ya wuce ta laifi ne. Magungunan sa fitsari da masu neman rage nauyi ke sha kafin awo haramun ne a kowane lokaci, su ne suka sa aka ƙwace zinaren 'yar Najeriya Chika Amalaha a ɗaga nauyi a Glasgow a 2014, tana da shekara 16. Haɗin gargajiya na ƙarin kuzari da garin gina jiki da ba a san kamfaninsa ba, ka bar su, tunda ba ka san abin da aka zuba ba. Kafin ka haɗiyi ko da ƙwaya ɗaya, nuna wa likitan tawaga kwalin. Idan kana da ciwon da dole sai da haramtaccen magani, likitan ya nema maka izini na musamman a rubuce kafin gasa.

Ranar da masu gwaji suka zo, kai za ka zaɓi kwalbar da kanka, ka duba hatiminta bai fashe ba. Ana buƙatar fitsari aƙalla mililita 90, a raba shi kwalba A da B. Ka tabbata lambobin kwalaben sun yi daidai da na takarda, ka rubuta duk abin da ka sha a kwana bakwai da suka wuce, har maganin zazzaɓi, sannan ka sa hannu ka karɓi kwafinka. Ƙin ba da fitsari hukuncinsa kamar na wanda aka kama ne.

In an sa ka a jerin waɗanda ake bibiya, duk wata uku za ka shigar da bayanin inda kake a manhajar ADAMS, tare da awa guda a kowace rana da za a same ka a wuri takamaimai. Tafiya ta taso, ko ta biki ce a ƙauye, canza adireshin kafin ka hau mota. Kuskure uku cikin wata 12 laifi ne mai jawo dakatarwa. Kuma ka riƙa ƙirga gwaje-gwajen da aka yi maka. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 an hana 'yan tsere da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga fili bayan sun riga sun isa Japan. Ba a kama su da komai ba, gwaji uku na ba-zata da ake buƙata cikin wata goma kafin gasa ne ba su cika ba. Idan wata huɗu ya rage kana da gwaji ɗaya, rubuta wa hukumar wasanka takarda, ka ajiye kwafi.

Haka rajista da katin gargaɗi. 'Yar Najeriya Favour Ofili ta cancanci gudun mita 100 a gasar Olamfik ta Paris a 2024, aka wayi gari sunanta ba ya cikin jerin. Da zarar an fitar da sunaye a intanet, duba da idonka. A 2017 Shehu Abdullahi ya buga wa Najeriya wasa da Aljeriya alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka hana shi buga wasan, FIFA ta ba Aljeriya nasara da ci 3 da nema. Allah ya sa Najeriya ta riga ta samu tikitin gasar cin kofin duniya ta Rasha. Buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta katunanka, gasa da kwanan wata.

Mai ƙasa biyu, kamar yaran da uba ɗan Maraɗi ne uwa 'yar Katsina, ya yi tunani kafin ya amsa kiran farko. A dokar FIFA ta 2020, wanda ya buga wa babbar tawaga wasan gasa zai iya sauya ƙasa ne kawai idan wasanninsa ba su wuce uku ba, duk kafin ya cika 21, babu na gasar cin kofin duniya ko ta nahiya a ciki, kuma shekara uku ta wuce tun wasansa na ƙarshe. Ademola Lookman a matakin matasa kaɗai ya buga wa Ingila, shi ya sa sauyinsa zuwa Najeriya a 2022 bai yi wuya ba.

Saura abu ɗaya da ake mantawa. An sauya taken Najeriya a watan Mayun 2024, aka koma tsohon na lokacin samun 'yanci. Hardace shi kafin ka shiga sansani, domin kyamara bakin kowa take bi ɗaya bayan ɗaya.