Yadda ake zaɓen otal da wurin cin abinci a zuwan farko Legas

Zuwana na farko Ikko, otal ɗin da na kama ya yi kyau a hoto, kuɗinsa kuma da sauƙi. Abin da ban sani ba shi ne, yana can wajen Ajah, ni kuwa harkar da ta kai ni tana Ikeja. Kwana uku na yi ina fita bayan sallar asuba, ina dawowa bayan isha, kuma abin da na rage a kuɗin ɗaki na biya ninkinsa a mota. Daga nan na gane cewa a Legas unguwa ake fara zaɓa, sannan otal.

Mataki na farko: ka san inda za ka wuni

Ka rubuta wuraren da za ka je, ka duba su a taswirar waya. Garin ya rabu biyu. Akwai ɓangaren tsibiri, wato Ikoyi, Victoria Island, Lekki da tsohon gari inda kasuwannin Balogun da Idumota suke. Akwai kuma ɓangaren tudu: Ikeja, Agege, Yaba, Surulere, Mushin, Oshodi. Gadoji uku ne manya suka haɗa su, mafi tsawo ita ce Third Mainland mai kilomita 11.8. Da safe jama'a na kwarara zuwa tsibiri, da yamma su juyo gida, kuma wanda ya faɗa cikin wannan cunkoso zai iya cinye sa'a biyu ko fiye a tafiyar da ba ta wuce rabin sa'a ba da tsakar dare.

Don haka ka kwana a ɓangaren da aikinka yake. Mai sarin waya a Computer Village, ko mai jirgin sassafe a filin Murtala Muhammed, ya nemi ɗaki a Ikeja. Wanda ya kawo mara lafiya asibitin koyarwa na LUTH ya tsaya Idi-Araba ko Surulere. Mai zuwa kasuwar Alaba International ko ta Trade Fair ya duba wajen Festac. Mai neman biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka ko na wata ƙasa da ke tsibiri ya daure ya biya tsadar can, ko ya sauka Yaba, wadda ke bakin gada.

Taswirar waya tana nuna tsawon lokacin tafiya. Kada ka duba da daddare kana kwance a gida, ka ce ai kusa ne. Ka duba da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin, ka sake dubawa da biyar na yamma. Wannan ne gaskiyar nisan.

Mataki na biyu: ka tambayi na gida

Matambayi ba ya ɓata, kuma Bahaushe ba baƙo ba ne a Legas. Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende cike suke da 'yan Arewa, wasu a nan aka haifi kakanninsu. Da wuya ka rasa ɗan garinku ko abokin ɗan'uwa da ke can. Ka kira shi tun kafin ka tashi, ka faɗa masa sunayen otal biyu ko uku da ka gani, ka tambaye shi yadda layin yake da dare, da kuma ko ruwa na cin hanyar. Wannan ta biyun tana da nauyi in tafiyar ta faɗo a Yuni ko Yuli, lokacin da ruwan sama ke mamaye wasu titunan Lekki da makamantansu.

Mataki na uku: tace otal ɗin ta waya

Hotunan da masu otal suka ɗora ba abin dogaro ba ne. Ka nemi waɗanda baƙi suka ɗauka da kansu, ka karanta ra'ayoyin watannin baya-bayan nan, ka fara da na waɗanda suka yi ƙorafi. Mutum ɗaya ya koka da wari, ƙila rigimarsa ce. Mutum biyar suka ambaci abu guda, to haka ne.

Sai ka buga musu. Ka tambaya ko wuta na kwana, domin wasu ƙananan otal suna da sa'o'in da suke kashe janareto, kuma zafin Legas mai danshi ne, fanka ta tsaya sai ka ji kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Ka tambaya ko akwai mashaya ko gidan rawa a harabar. In akwai, daren Juma'a da na Asabar babu barci. Sannan ka ce a faɗa maka kuɗin ƙarshe. Ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, jihar Legas na karɓar nata kashi 5 a kan otal da gidajen abinci, manyan wurare kuma su ƙara ladan hidima. Wasu har da kuɗin ajiya da za a mayar maka ranar fita.

Kada ka tura kuɗi asusun da ke ɗauke da sunan mutum. In sun matsa sai an ba da kafin alƙalami, na kwana ɗaya ya isa.

Mataki na huɗu: ka ga ɗakin kafin ka biya

Ka yi ƙoƙari ka iso da rana tsaka, yadda in wurin bai yi ba kana da sararin neman wani. A kanta ka ce a nuna maka ɗakin tukuna. Ba rashin kunya ba ne, sun saba. Ka murɗa famfo ka ga ƙarfin ruwan da launinsa. Ka kunna na'urar sanyaya ɗaki ka jira minti biyu. Ka ɗaga zanin gado ka duba bakin katifa ko akwai ɗigon kuɗin cizo. Ka gwada sakata daga ciki. Ɗakin da ba shi da taga, ko wanda tagarsa ke kallon janareto, ka ce a canza. Ka biya kwana ɗaya, ka karɓi rasit, gobe in ka ji daɗi ka ƙara. Yawanci sha biyun rana ake fita. Buta da dadduma kuwa ka zo da naka, ba kowane otal ke ajiyewa ba.

Mataki na biyar: abinci

A nan na fi son a nutsu, domin cikin da ya ɓaci a baƙon gari yana rushe tafiya gaba ɗaya. Ƙa'idata ita ce, kafin in biya kwana na biyu sai na san wurare uku da zan iya takawa da ƙafa: inda zan karya, inda zan ci na rana, da inda zan samu abu mai zafi bayan magariba. Abincin otal ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma wani lokaci sai ka jira sa'a guda kafin a kawo.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi mai gadi, sau da yawa ɗan Arewa ne ko ɗan Nijar. A zuwana na biyu, a Ikeja, na tarar da wani dattijo a bakin get yana jan carbi. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, a ina kuke cin tuwo a nan?" Ya ce, "Yaro, bi layin nan har masallaci, a bayansa akwai Hajiya mai tuwon shinkafa. Amma ka je kafin la'asar, miyar kukarta ba ta kaiwa yamma." Haka kuwa aka yi. A gefen masallacin na samu mai shayi da burodin Agege mai laushi, ga mai tsire yana hura wuta. Inda ka ga masallacin unguwa, abincin da hankalinka zai kwanta da shi ba ya nisa.

Amma kada ka zo har Ikko ka koma ba ka ɗanɗana na Yarabawa ba. Ka shiga buka, wato ƙaramin gidan abinci, ka ci amala da ewedu (miyar lalo) da gbegiri (miyar wake), ko wake ewa agoyin da burodi da safe. Ka zaɓi wadda ma'aikata suka yi wa layi da ƙarfe ɗaya, inda tukunya ke kan wuta kana ganin tururi. A buka komai da kuɗinsa: malmala daban, kowace tsokar nama daban, ganda daban, don haka ka tambayi farashi kafin a zuba. Da yawa daga masu sayarwar Hajiyoyi ne musulmi, amma in ka yi shakkar naman ka tambaya kai tsaye, ko ka ce a sa maka kifi. Yajinsu ba irin namu ba ne, tattasai da attaruhu ake niƙawa a miyar kanta. Mai gyambon ciki ya ce a rage masa jar miya. Ruwa kuma na roba mai hatimi kawai.

Tsiren Obalende da na Allen Avenue a Ikeja sun yi suna, kuma sun cancanta, sai dai fitar dare ce. Ka kira mota ta Bolt ko Uber, ka duba lambar motar ta dace da ta wayarka kafin ka shiga. Kada ka tare motar da ba ka sani ba a bakin titi, saboda ɓarayin da ake kira "one chance". Acaɓa ma kada ka sa rai da shi: tun watan Yunin 2022 aka hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa da ɓangaren tsibiri. Da rana akwai motocin BRT, akwai jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2, da wanda ke bi ta Agege, Ikeja da Yaba zuwa Oyingbo. Dukansu da katin Cowry ake biya, ana samunsa a tasha, ka saye shi tun ranar da ka sauka.